Ɗora lodi bi da bi a nazarin FEA (lissafin ƙarfin gini ko inji a kwamfuta ta hanyar raba shi ƙananan sassa): me kuka gani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum injiniyoyi. Firam ɗin ƙarfe ne, ina so in ɗora masa nauyin kansa, sannan in tura shi ta gefe. Zan iya lissafa kowanne daban in haɗa sakamakon?

Injiniyan gine-gine: Wa'alaikumus salam. A'a, ƙanena. Haɗa sakamako yana aiki ne muddin ƙarfen bai wuce iyakar jurewarsa ba, kuma lanƙwasar kaɗan ce. Da zarar ya fara miƙewar da ba ta komawa, abin da ya fara hawa kansa shi ke yanke yadda zai karɓi na biyu. A manhajar SAP2000, sa lodin gefe ya ci gaba daga inda lissafin nauyi ya tsaya, kuma ka kunna P-Delta (lissafin ƙarin lanƙwasar da nauyi ke jawowa idan gini ya karkata) tun a na farko. A manhajar OpenSees, bayan nauyi ka rubuta umarnin loadConst -time 0.0 don nauyin ya tsaya yadda yake. In ka manta, nauyin ginin zai riƙa ƙaruwa tare da turawar, ginshiƙai su gaza tun lokaci bai yi ba, ka ɗauka zanen ne ba shi da kyau.

Mai aikin injuna: Haka yake a wurin noti. Mataki na farko ka ɗaure shi da ƙarfin da ake so, na biyu ka kulle tsawonsa a inda ya tsaya, sannan ka kawo lodin aiki. In ba ka kulle ba, ƙarfin notin ba zai motsa ba duk yadda ka ja, alhali a zahiri yana canzawa. Ni nakan fara da kashi 10 cikin 100 na ɗaurin don fuskokin su haɗu tukuna.

Mai amfani da manhajar Abaqus: Ƙari kaɗan, Malam. Lodin matakin baya yana bin ka zuwa na gaba sai ka cire shi da kanka, umarnin OP=NEW ke share shi. NLGEOM kuwa, wato zaɓin lissafa babbar lanƙwasa, in ka kunna ba ya kasuwa a matakan gaba. Idan lissafi ya ƙi daidaita, manhajar takan rage girman taku (ɗan lodin da take ƙarawa kowane karo) zuwa kwata, ta gwada sau 5 ta tsaya. Kafin ka ƙanƙanta takun, duba ko akwai sashen da ke yawo babu abin da ya riƙe shi, galibi matsalar can take. In kuma firam ɗin ya kai ƙololuwar abin da zai iya ɗauka, koma hanyar Riks, wadda ke iya bin lissafi har bayan ƙololuwar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan fara da nauyi a taku 10.