Muhawara: Gero ne ya raini ƙasar Sin ko shinkafa?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a teburin mai shayi na faɗi wata magana aka yi mini ca, to ga ta na kawo gabanku. Cewa na yi a kan gero wayewar ƙasar Sin ta tashi, shinkafa daga baya ta mamaye tukunya. Kufai ne shaidata. A Cishan, cikin lardin Hebei, an tono ramukan ajiya masu yawa da ruɓaɓɓen hatsi jibge a gindinsu, kuma binciken da aka buga a 2009 ya ce gero ne, mafi tsufansa ya kai shekara 10,000. Daulolin Shang da Zhou duk a yankin Rawayen Kogi suka yi sarauta, ƙasa mai ƙarancin ruwa inda gero ya fi yi. Kakan da Zhou ke jingina kansu da shi ma sunansa Hou Ji, wato ubangidan gero.

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam. Malam, arewa kaɗai ka leƙa ka yanke hukunci. A 1973 aka fara tono kufan Hemudu a lardin Zhejiang da ke kudu, aka tarar da shinkafa da buntunta tuli guda, na kusan shekara 7,000. Ka ƙara da Liangzhu, birni mai ganuwa da madatsun ruwa tun wajen shekara 5,000 da suka wuce, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2019. Ya girmi Shang da fiye da shekara dubu. Masu ɗaukar ƙasar gina waɗannan madatsun shinkafa suka ci.

Nasiru: Inna Hajiya, a ba ni dama in sa baki, don noma na karanta. Shinkafar zamanin Hemudu ba ta gama zama ta gida ba. Ta daji da ta nuna sai ta zube da kanta, ta gida kuwa tana maƙale a zangarniya har a yanka a sussuka. Ana gane bambancin a gindin ƙwaya: wadda ta zube da kanta tabonta sumul yake, wadda aka fizge kuma a yage yake. A Tianluoshan, kusa da Hemudu, masanin tsirran kufai Dorian Fuller da abokan aikinsa sun zauna sun ƙirga waɗannan gindayen ɗaya bayan ɗaya. A cikin shekara 300 kason mai maƙalewa daga 27 cikin ɗari ya hau zuwa 39 ne kawai. Kuma a ramukan wurin an sami 'ya'yan itatuwan daji da na tsirran ruwa masu yawa. Mutanen suna noma, amma daji da fadama na ciyar da su sosai.

Malam Garba: Madalla da ɗana Nasiru.

Hajiya Rabi: Kada ka yi saurin murna, Malam. Ma'aunin da aka auna shinkafa da shi a auna gero da shi. Shekara 10,000 ɗin Cishan ba daga lafiyayyar ƙwaya aka samo ta ba, shi kansa geron ma da wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi masu kama da gilashi da ke jikin ƙaiƙayi aka gane shi, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, kuma akwai masana da ba su gamsu da wannan lissafi ba. Ƙonannun ƙwayoyin da aka auna shekarunsu kai tsaye, irin na Xinglonggou a Mongoliya ta Gida, sun haura shekara 7,500 ne da kaɗan.

Sa'idu: Ni tambaya gare ni. Wannan geron da kuke ta faɗa, irin namu ne na fura? Kenan daga can ya zo mana?

Nasiru: A'a Yaya Sa'idu, suna ne kawai ya haɗa su. Namu ɗan Sahel ne, an sami alamunsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500. Nasu iri biyu ne, gajeru, ƙwayarsu ƙanana har ta fi tuna wa mutum acca. Ƙanƙantar nan ce ta sa aka daɗe ana zubar da su tare da ƙasa. Sai da aka koma zuba ƙasar kufai cikin ruwa, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama a tace su, sannan aka fara ganin yawansu. Masanin kufai Zhao Zhijun na cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara a Sin.

Malam Garba: Na yarda a ajiye Cishan gefe. Amma ƙashi fa? Gero da shinkafa kowanne da irin alamar da yake bari a ƙashin mai cinsa. A Dadiwan, lardin Gansu, an ga alamar gero a ƙashin karnuka, daga baya har da aladu. Ba a ba dabba hatsi sai ya wadata a gida. Ga kuma taliyar kufan Lajia a lardin Qinghai, mai shekara 4,000, da aka samu ƙarƙashin kifaffen kwano, aka sanar a 2005 cewa da gero aka yi ta.

Hajiya Rabi: Nan kam ka shigo madafina. Na kwaɓa garin gero tun ina budurwa, ba ya miƙewa, tsinkewa yake. 'Yar murji da fulawar alkama muke yinta don ita ke da danƙo. Wasu masana ma sun gwada suka ce gero zalla ba ya jawuwa ya zama taliya.

Nasiru: Gaskiya ne Inna, amma masu binciken farko sun dawo sun ce idan aka turara ƙullin aka matse shi ta ƙananan huji yana fita zare-zare. Alkama dai baƙuwa ce a lokacin, daga yammacin Asiya ta shigo wajen shekara 4,500 da suka wuce, kuma garinta bai yawaita ba sai zamanin daular Han, da dutsen niƙa mai juyawa ya bazu.

Malam Garba: To zan gyara maganata, amma ban janye ba. Kudu ta yi shinkafa tun da daɗewa, na amince. Sai dai an watse daga Liangzhu wajen shekara 4,300 da suka wuce, kuma rubutu da sarautar da aka gada daga arewa suka fito. Har a bakin Sinawan da, idan ana nufin mulkin ƙasa cewa ake yi "ƙasa da gero".

Hajiya Rabi: Birnin ya watse, amma ba da komai nasa ba. Sassaƙen koren dutse mai daraja da Liangzhu ta shahara da su, faifai mai huji a tsakiya da bututu mai kusurwa huɗu, irinsu ne suka sake bayyana a cikin kayan tsafin sarakunan Zhou ɗin da kake kafa hujja da su.