Me ya sa 0.1 ke komawa 0.10000000149011612 a fayil ɗin saiti?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta manhaja, ina neman taimakonku. Manhajar C++ ce mai karanta saiti daga fayil ɗin JSON (tsarin adana bayanai a rubuce). An rubuta 0.1, tana karanta shi a matsayin float (nau'in adadi mai ɗigo), amma in ta sake adana fayil ɗin sai ya fito 0.10000000149011612.

Dalilin a fili yake: float bit 32 ne, bit 24 kaɗai ke riƙe ainihin adadin, wato lambobi 7 ko kusa da haka, kuma 0.1 ba ta da cikakken wakilci a tsarin binary. Laburaren JSON ɗin kuma yana mayar da ita double (nau'in da ya fi float riƙe lambobi) kafin ya rubuta, shi ne wutsiyar ke bayyana. Ƙarancin bit ɗin float ne kuma ke sa 16777217 ke komawa 16777216.

Inda abin ya cije shi ne wajen rubutawa. Tsarin rubuta adadi na %.6g (lambobi 6) yana gyara 0.1 amma yana yanke 0.1234567 zuwa 0.123457. %.9g (lambobi 9) ba ya asarar komai, sai dai yana ba da 0.100000001, mai amfani ya ga an taɓa masa saiti.

Shin std::to_chars na C++17 (mai mayar da adadi zuwa rubutu) zai magance wannan, ko gara a mayar da duk saitin double tun daga karantawa?