Mitar wutar lantarki ta zamani a Saudiyya: awo ne ko sata?

Dan Hindawiyya: Jama'a, wannan mitar da ke aika lissafi da kanta sata ce da rana tsaka. Ana ta cewa a rage shan wuta da azahar don layi ya huta. Wa zai rage? Mai bila (katafaren gida) ko mai daki daya da 'ya'ya shida?

Injiniya: Malam, janye kalmar sata. Mita awo take yi. Tun 2018 farashin gidaje halala 18 ne (halala 100 ke riyal daya) kowane kilowat-awa har zuwa 6000 a wata, abin da ya haura halala 30, sai haraji, wanda ya koma kashi 15 a 2020. Ina satar?

Mai Mukayyif: Injiniya, ka yi lissafin imara (benen haya na iyalai da yawa) mai mita daya. Mukayyif (na'urar sanyaya daki) na taga yana jan kusan kilowat 2. Guda bakwai, awa 16 a rana, kwana 30: 6720. Ba firji, ba injin wanki. Iyali hudu sun fada halala 30, alhali da kowa na da mitarsa ba wanda zai kusanci 6000.

Injiniya: To wannan laifin mai gida ne da ya ki raba mita. Kuma kwamfuresa ba ya aiki awa 16 cur, yana yankewa.

Mai Mukayyif: A Agusta? A Makka? Tsohon mukayyif da rariyarsa ta toshe da kura, an murza shi karshe, ba ya yankewa sai an kashe shi.

Hajiya Umma: Ku dai malamai ku fada mana, abin da aka auna aka rubuta a fatura (takardar kudin wuta) sata ne? Sata ai a boye ake yi. Ka ce zalunci, dana.

Dan Hindawiyya: Hajiya, Hisabul Muwatin, tallafin kudi na gwamnati, na rage wa dan kasa zafin fatura, baƙo mai iƙama (takardar izinin zama) kuwa ko halala. Sunansa me?

Bamakke: Mutanen Jidda da iskar teku ma kuka kuke? Ku zo Shari' Mansur ku ga zafi.

Mai Mukayyif: Iskar teku? Laima ce, ita ke sa mukayyif kwana yana aiki.

Bamakke: Kai dai sabon mukayyif kake son sayar mana.

Injiniya: A takaice an yarda ba sata. A wanke rariya duk mako biyu, a tsaya a digiri 24, a matsa wa mai gida ya raba mita.

Dan Hindawiyya: Wa ya yarda?