A ɗaga Hilux ko a ƙara mata sifirin?

Mai Albasa: Salam jama'a. Hilux ɗina in na loda mata albasa sai bayanta ya zauna, ga damina cikinta na gugar ƙasa a hanyar ƙauyenmu. Wani ya ce in ɗaga ta inci 2 shikenan magana ta ƙare, wai gaskiya ne?

Ɗan Gareji: Gaskiya ne Alhaji, ɗaga ta kawai, ai duk masu shiga daji haka suke yi

Oga Bakanike: A'a yaro, kar ka sa bawan Allah asarar kuɗi. Matsalarsa lodi ce. Sifirin bayan Hilux mai falle-falle ne, in ya gaji za ka ga ya miƙe ya daina lanƙwasa, to ko ka sa mata bulon ƙarfe da ake ƙara wa mota tsawo da shi ka ɗaga, sifirin ɗin yana nan a gajiyensa, ana loda buhu za ta sake zama. A ƙara falle ɗaya ko a canza mai ƙarfi, a duba shokozoba.

Ɗan Gareji: Amma Oga cikinta fa da ya ce yana gugar ƙasa?

Direban Agadas: Nan ne mutane ba sa ganewa. Ko ka ɗaga bodi, tulun aksul na baya, wato kumburin nan da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, bai motsa ba, yana inda yake, taya mai girma ce kaɗai ke ɗaga shi. Kuma mota mai tsawo ga kaya an jibga a sama, kwana ɗaya ka sha da gudu sai kifewa, Allah ya kiyaye.

Malam Na Gona: Ni dai ban yarda sifirin mai tauri alheri ne duka ba. Na ƙara falle a tawa, da lodi lafiya lau, amma in ba kaya ta hau gargada bayanta tsalle yake ta yi, ƙugu ya gaya maka, har taya ba ta kama ƙasa sosai

Oga Bakanike: Haka ne Malam, shi ya sa na ce ɗaya ba biyu ba. Ɗagawar ma in ta wuce inci 2 shaf ɗin gaba, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, yana karkacewa, robar da ta rufe gaɓarsa ta yage, giris ya zube.

Ɗan Gareji: Ni fa har yanzu ina ganin a haɗa duka biyun

Mai Albasa: Aljihu ba zai ɗauka ba ɗana. Oga yaushe zan kawo ta?

Oga Bakanike: Gobe da safe Alhaji, amma ka zo da ita da lodinta, in ga yadda take zama.