Yadda ake bambance siffofin Ganesha

Masu nazarin sassaƙar Indiya da suka tattauna kan siffofin Ganesha, abin bautar mabiya addinin Hindu mai kan giwa, sun ba da shawarwari, ta farko ita ce: mai son gane wace siffa ce a gabansa ya fara duba hannuwa, domin kan giwa da ƙaton ciki kusan a ko'ina suke. Yawanci hannuwan huɗu ne, ɗauke da igiyar zarge, da ƙugiyar korar giwa, da karyayyen haurensa, da kuma alawar modak wadda hancinsa ke lanƙwasawa zuwa gare ta. Akwai siffofi 32 da aka tattara a Mysore ta ƙasar Indiya a ƙarni na 19, kuma abin da ke cikin hannu shi ne kan raba su.

Shawara ta biyu ita ce a dubi dabbar da yake hawa. An fi saninsa da ɓera, amma Heramba, wato Ganesha mai kawuna biyar wanda ake girmamawa ƙwarai a Nepal, zaki yake hawa. Alkiblar hanci ma tana da ma'ana, domin galibi hagu yake kallo, shi ya sa na haikalin Siddhivinayak da ke Mumbai, mai kallon dama, ya yi fice.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gargaɗin masu nazarin cewa kada a auna komai da ma'aunin Indiya kaɗai, domin masassaƙan tsibirin Java da ke Indonesiya na ƙarni na 13 sun zaunar da shi a kan ƙoƙunan kawunan mutane, tafukan ƙafafunsa suna fuskantar juna.