Makarantar sakandare ta addini: me take bar wa yaro bayan ya gama?

Maman Hafizu, Asawase:
Assalamu alaikum. Ɗana zai rubuta jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare a nan Ghana, a bana. Mahaifinsa yana son mu zaɓa masa T.I. Ahmadiyya, sakandaren Musulunci ta 'yan Ahmadiyya a Kumasi, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da Prempeh College, ta mishan ɗin Kirista. Ina roƙon waɗanda suka yi irin waɗannan makarantu su faɗa mini abin da suka tarar bayan sun shiga duniyar aiki.

Baban Sadiya, Aboabo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ɗan T.I. Ahmadiyya ne, wadda aka kafa a 1950. Darussa ɗaya ne a ko'ina, tunda kowa WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, yake rubutawa. Abin da ya bi ni har wurin aiki shi ne tashin asuba, domin yaron da ya shekara uku ana tada shi salla kafin gari ya waye ba ya sabawa da makara, ko da ya zama akawu irina.

Tsohuwar Ɗaliba, Sabon Zongo:
Yaya, ni makarantar mishan na yi, kuma ba zan ɓoye miki ba, na sha wuya. A lungun ɗakin akwatuna nake shimfiɗa ɗankwalina in yi salla, ranar Lahadi kuma dole in zauna a majami'a. Amma aikin jinya da nake yi yanzu, wata tsohuwar ɗalibarmu Kirista ce ta nuna mini hanyarsa. Ku fara tambayar hukumar makarantar batun salla da azumi.

Malamin Firamare, Tafo:
Hajiya, tun 2017 karatun babbar sakandare ta gwamnati kyauta ne, amma kwamfuta ce take rarraba ɗalibai bisa sakamakonsu, don haka ku matsa masa ya dage da bita.