Muhawarar shugabannin jam'iyyu a talabijin: ƙuri'a take sauyawa ko ra'ayi kawai?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyar da darasin gwamnati a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya muna cikin bayanin tsarin firaminista sai na kawo wa ɗalibai misalin babban zaɓen Birtaniya na 2010, wanda shi ne karo na farko da shugabannin manyan jam'iyyun ƙasar suka tsaya gaban kyamara suka yi muhawara ƙeƙe-da-ƙeƙe. Na gaya musu cewa kafin muhawarar farko, jam'iyyar Liberal Democrats ta Nick Clegg tana samun wajen kashi 20 cikin 100 a ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, amma cikin 'yan kwanaki ta haura zuwa wajen kashi 30, har wasu alƙaluma suka ɗora ta a kan jam'iyyar Conservative ta David Cameron da ta Labour ta Gordon Brown. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 6 ga Mayu kuwa, kashi 23 ta samu, kujerunta ma raguwa suka yi daga 62 da ta ci a 2005 zuwa 57.

Nan take wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, to Malam, ina mutanen da suka ce za su zaɓi Clegg suka shiga? Na ba ta amsa iya sanina, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini a rai ba, kuma ba na son in koma aji da zancen da ban gamsu da shi ba. Shin masu auna ra'ayi ne suka yi kuskure, ko mutanen ne suka sauya shawara a ranar zaɓe? Idan kuma ɗan takara zai iya lashe muhawara a idon kowa amma ya tashi da ƙarancin kujeru, wace fa'ida muhawarar take yi wa mai zaɓe? Ina roƙon masu sani su warware mini.

Baban Khalifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa kula da tambayar ɗaliba. Ina karatu a Birmingham a lokacin, kuma na kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe, domin dokar ƙasar ta ba 'yan ƙasashen Commonwealth da ke zaune can bisa izini damar yin rajista, mu 'yan Nijeriya kuwa muna ciki.

Daren Alhamis 15 ga Afrilu, mu biyar ne a falon gidan da muke haya, muka buɗe tashar ITV, wadda ta shirya muhawarar a Manchester. Mutum fiye da miliyan 9 ne suka kalla. Abin da ba na mantawa shi ne yadda Clegg ya riƙa duban kyamara kai tsaye kamar da kai kaɗai yake magana, yana kiran masu tambaya da sunayensu, yayin da Brown yake ta jero alƙaluma, yana kuma maimaita cewa ya yarda da abin da Nick ya faɗa. Wani abokin zamanmu, wanda kafin wannan dare ko fuskar Clegg bai sani ba, ya ajiye cokalinsa ya ce shi ya sami ɗan takara. To ka ga a nan asirin yake. Brown da Cameron kowa ya san su, wanda zai so su ya riga ya so su, wanda zai ƙi su ya riga ya ƙi. Clegg ne baƙon ido, kuma tsayuwarsa kafaɗa da kafaɗa da manyan biyu na tsawon minti 90 ita kanta riba ce da jam'iyyarsa ba ta taɓa samu ba.

Amma tsakanin wannan dare da ranar zaɓe akwai mako uku, kuma a cikinsu abubuwa da yawa sun faru. A safiyar muhawara ta biyu, wadda Sky News ta shirya a Bristol ranar 22 ga Afrilu, jaridun da ke goyon bayan Conservative sun yi wa Clegg rubdugu a shafukansu na farko. A muhawara ta uku, wadda BBC ta yi a nan Jami'ar Birmingham ranar 29 ga wata, abokan karawarsa sun riga sun gano lagonsa, suka matsa masa kan manufar jam'iyyarsa ta halatta zaman baƙin haure da suka daɗe a ƙasar. Ban da wannan, yawancin waɗanda suka fi ɗoki a kansa matasa ne, su ne kuwa suka fi kowa ƙyuyar fita rumfar zaɓe.

Babban dalili, a ganina, shi ne tsarin zaɓen kansa, kuma shi nake so ka jaddada wa ɗalibanka tun da darasin da kuke ciki ke nan. Mai zaɓe a Birtaniya ba ya ganin sunan Clegg ko Cameron a takardarsa, sai dai idan a mazaɓarsu yake zaune. Ɗan majalisar yankinsa yake zaɓa, a ɗaya daga cikin mazaɓu 650, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ne ya ci, sauran sun tashi a tutar babu. Ana gab da zaɓe, kullum sai mun tsinci takardun jam'iyyu an zuro ta ƙofa, kowace tana ɗauke da zanen alƙaluman zaɓen baya, tana cewa a wannan mazaɓa doki biyu ne kawai ke sukuwa, kada ka zubar da ƙuri'arka. Abokin nan namu da ya ajiye cokali, Labour ya zaɓa daga ƙarshe, ya ce ba don ya daina son Clegg ba, sai don yana tsoron kada ya buɗe wa Conservative ƙofa. Ka duba lissafin: Liberal Democrats ta sami ƙuri'a kusan miliyan 6.8 ta tashi da kujeru 57, Labour ta sami miliyan 8.6 ta tashi da 258. Ke nan kujera ɗaya ta ci wa Clegg ƙuri'a wajen dubu 120, ta ci wa Brown dubu 33 kacal. Ƙuri'un Clegg a warwatse suke a faɗin ƙasa, ba su taru inda za su zama kujera ba.

Malama Uwar Biyu ta rubuta:

Yaya Baban Khalifa ya yi bayani mai gamsarwa a kan inda ƙuri'un suka shiga, amma ina neman afuwa, ban yarda a tsaya a nan ba, domin mai karatu zai iya ɗauka cewa muhawarar iska ce ta taso ta wuce. Zaɓen 2010 ya ƙare babu jam'iyyar da ta kai kujeru 326 da ake bukata don kafa gwamnati ita kaɗai, abin da rabon Birtaniya da gani tun Fabrairun 1974. Kwana biyar bayan zaɓe aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin Conservative da Liberal Democrats, Cameron ya zama firaminista, Clegg ya zama mataimakinsa. Cameron ya shiga kakar zaɓen ana ganin nasara a hannunsa take, muhawarar farko ta karkatar da hankalin ƙasa baki ɗaya daga kansa na tsawon makonni. Ra'ayina ne, ba hujjar da zan iya aunawa ba, amma ina ganin wannan karkatarwa tana cikin abin da ya hana shi rinjaye.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce halin 'yan siyasar kansu, domin babu mai gudun abin da ba ya cizo. Cameron ya koka daga baya cewa muhawarorin sun shanye ran yaƙin neman zaɓe, kuma a 2015 sau ɗaya tak ya yarda ya tsaya, shi ma a taron shugabanni bakwai, inda lokacin kowa ya zama ɗan ƙanƙani, kuma Ed Miliband, shugaban Labour na lokacin, bai sami damar fuskantarsa shi kaɗai ba. A 2017 Firaminista Theresa May, wadda ta gaji Cameron, ta ƙi zuwa gaba ɗaya, ta tura ministar cikin gida Amber Rudd ta wakilce ta a muhawarar BBC a Cambridge, sauran shugabannin kuwa suka yi ta tambayar ina take. Ita ce ta kira zaɓen da kanta don ta ƙara rinjaye, sai ga shi ta rasa rinjayen da take da shi. Ba na cewa rashin zuwa ne kaɗai ya jawo mata, amma ya tabbatar wa mutane da zargin da suke yi mata na gudun jama'a. A Amurka ma mun ga yadda muhawarar 27 ga Yunin 2024 ta bayyana raunin Joe Biden a fili, abin da muƙarrabansa suka daɗe suna musantawa, kuma kafin wata ɗaya ya janye daga takara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a auna ta da alƙaluman mako ɗaya. Wanda ya tsaya gaban miliyoyin mutane ya gabatar da kansa a matsayin mai cika alƙawari, ya ɗaura wa kansa igiya. Clegg ya gina farin jininsa a kan cewa shi daban yake da tsofaffin jam'iyyu biyu masu saɓa alƙawari, kuma ya sa hannu a kan cewa ba zai goyi bayan ƙarin kuɗin jami'a ba. A Disambar 2010 gwamnatin da yake ciki ta ɗaga kuɗin zuwa fam 9,000 a shekara. Ya nemi gafara a 2012, mutane ba su yafe ba, a zaɓen 2015 jam'iyyarsa ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8. Da ba su gan shi da idonsu yana wannan magana ba, ba na jin fushin zai kai haka.

Bakatsine ya rubuta:

Malam Ɗan Fagge, ɗalibanka ba sai sun tsallaka teku ba kafin su ga irin wannan. A Maris na 2011 tashar NN24 ta shirya muhawara, Kadaria Ahmed ta jagoranta, Janar Buhari da Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau suka halarta, Shugaba Jonathan bai je ba. Kusan duk wanda ya kalla ya yaba wa Shekarau kan nutsuwa da iya tsara magana, amma da aka ƙirga ƙuri'a bai kai miliyan ɗaya ba, ko a Kano da yake gwamna Buhari ne ya lashe, wanda bai je ba kuwa shi ya ci zaɓen da fiye da miliyan 22. A Janairun 2019 Buhari bai halarta ba, Atiku ya iso zauren ya juya da ya ga babu shi. Mu a nan akwai ƙarin shinge: da Turanci ake yi, a talabijin, da daddare, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, alhali mafi yawan masu zaɓenmu na Arewa rediyo suke ji, da Hausa. Shi ya sa muhawarar 'yan takarar gwamna da sashen Hausa na BBC ya shirya a Kano a 2023 ta fi shiga majalisun unguwa fiye da waɗancan.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na gane cewa tambayar da ake yi wa mutum a daren muhawara, wato wa ya fi burge ka, daban take da wadda yake yi wa kansa a rumfar zaɓe. Saura abu ɗaya, Baban Khalifa: yanzu da Turawan suka saba da muhawarar, har yanzu tana girgiza alƙaluma kamar 2010?

Baban Khalifa ya rubuta:

Ba ta sake yin irin wannan girgizar ba, Malam, kuma na karɓi gyaran Malama Uwar Biyu hannu bibbiyu, musamman batun kuɗin jami'a, domin ɗaliban da muka kalli muhawarar tare suna cikin waɗanda suka fi jin zafinsa. Ka ɗauki zaɓen 2024. Ranar 4 ga Yuni Rishi Sunak na Conservative, firaminista a lokacin, da Keir Starmer na Labour suka kara a ITV, kamfanin YouGov ya tambayi masu kallo nan take, kashi 51 suka ce Sunak ne ya yi nasara, 49 suka ce Starmer. Sunak ya yi ta nanata cewa Labour za ta ƙara wa kowane gida harajin fam 2,000, Starmer kuma ya yi jinkirin musantawa, wanda shi ne kuskurensa a daren. Washegari aka fito da wasiƙar babban sakataren ma'aikatar kuɗi, wadda ta ce bai kamata a jingina wannan adadi ga ma'aikatan gwamnati ba, sai zancen ya koma kan gaskiyar Sunak maimakon harajin Labour. Tazarar wajen kashi 20 da Labour take da ita ba ta motsa a wannan mako ba, domin mutane sun riga sun yanke hukunci a kan shekara 14 na mulkin Conservative. Ranar 4 ga Yuli Labour ta ci kujeru 411, Conservative ta tashi da 121. Idan ka koma aji, ka rubuta wa ɗalibar alƙaluman 2010 da na 2024 gefe da gefe a allo, ka tambaye ta mutum nawa ne take ganin ba su yanke shawara ba kafin a kunna kyamara a kowace shekarar, sannan ka dawo ka gaya mana abin da ta ce.